Anti Taswira da Kwaɗon Shagon Baba

Ƙarfe takwas saura kwata Anti Taswira take isowa wurin aiki. Ba ta da ofis nata na kanta. Teburi ne guda a cikin wani shagon buga takardu, tsakanin injin kwafi da taga. Takan ajiye jaka, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta kunna tsohuwar kwamfutarta wadda rabin haruffanta suka goge saboda dannawa. Kafin kwamfutar ta gama farkawa, ta cire takalmin ado ta sa na roba mai faɗi, domin rabin aikinta da ƙafa take yin sa.

Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba in ba amsar jarrabawa ba, kuma sau huɗu ina yage wannan shafin. Amma ƙarshen watan nan za ta bar teburin, likita ya ce idanunta sun gaji da hasken kwamfuta, sai na ji tsoron kada ta tafi ba wanda ya faɗi abin da ta yi.

Ga wanda bai san sana'ar ba: idan ka nemi mai gyaran wani abu a wayarka, taswira takan nuna maka shagunan da ke kusa, da lambar waya, da abin da mutane suka rubuta game da aikin mai shagon. Wani lokaci kamfanin taswirar yakan dakatar da shafin shago idan ya yi zargin na bogi ne. Shagon yana nan, mai shi yana zaune a ciki, amma a waya ya ɓace. Shekara tara Anti tana dawo da irin waɗannan shagunan, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane.

Tana da ƙa'ida guda: ba ta rubuta wa kamfani ko kalma ɗaya sai ta taka ta ga shagon da idonta. Mai injin kwafi ya ba ni labarin wani mutum da ya zo da mota mai sheƙi, yana so ta dawo masa da shaguna biyar. Ta miƙe ta rataya jaka, ta ce, "Mu je in gani." Ya ce ai da nisa. Ta nuna masa takalman ƙafarta ta ce, "Don nisa na saye su." Ya ce bari ya gyara fakin, har yau bai gama gyarawa ba. Mai wankin motar da ke bayan layinmu kuma ya ce sau uku tana zuwa wurinsa cikin ruwan sama, don kawai lambar da ke jikin ƙofarsa ta sha bamban da wadda ke takardarsa.

Namu labarin bara ya faru. Babana mai gyaran keken ɗinki ne. Shagonsa yana can ƙarshen wani lungu, sai ka sha kwana sau biyu ka wuce wata katanga kafin ka gan shi. Ba mai wucewa ta nan bisa kuskure. Taswira ce take kawo masa teloli daga nesa, suna rungume da kan keke kamar jariri. Wata safiya shafin ya ɓace, tare da duk yabon da mutane suka rubuta masa cikin shekara shida. Wayarsa ta yi shiru. Mako uku yana buɗe shago, ya jera sukundireba, ya goge benci, ya rufe. A mako na huɗu na ji yana gaya wa Inna cewa zai sayar da kayan aikin ya karɓi gadin wani sito. Inna kuwa sai wanke kofi ɗaya take ta yi.

Kawu, ƙanin Inna, shi ne masanin waya a gidanmu. Ya ce, "Yaya, a buɗe sabon shafi kawai, minti biyar ne." Inna ta ce, "Kai da ka gyara min rediyo ya koma kama tasha ɗaya?" Ita ta ja Baba zuwa wurin Anti, ni kuma na bi su.

Anti ta sa takalmin roba ta biyo mu har lungu. Ta dubi ƙofa, ta dubi wayarta, ta sake duban ƙofa.

"Malam, mutum nawa ke aiki a ɗakin nan?"

"Ni kaɗai ne, Malama."

"To a taswira ku huɗu ne. Ga mai gyaran famfo, ga mai fenti, ga mai haɗa wuta. Ƙofa ɗaya, lambar waya ɗaya."

Baba ya sosa ƙeya. "Maƙwabta ne. Ba su da shago, sai na ce su sa nawa. In an kira, ni nake kai musu saƙo."

"Allah ya saka da alheri," in ji Anti. "Amma na'ura ba ta san maƙwabtaka ba. Ta ga mutum ɗaya da riguna huɗu, ta ce ɗan damfara ne."

Baba ya ce, "In sai na kore su za a dawo da ni, a bar shi."

Anti ta cire tabarau ta dube shi. "Wa ya ce a kore su? Kowa zai tsaya da ƙafarsa ne."

Ke ce, Anti, kika zauna da mutum ukun nan ɗaya bayan ɗaya, kika yi wa kowa nasa shafin da lambarsa, a matsayin masu zuwa aiki gidajen mutane, ba masu shago ba. Ba su ne suka kawo miki ƙara ba, amma ba ki bar su a ƙasa ba. Ke ce kika hana Kawu aika ƙorafi goma a rana, kika ce a aika guda ɗaya cikakke, a jira. Ke ce kika lura cewa rana ta cinye rabin sunan da ke allon shagon, kika sa mai fenti ya sake rubuta shi harafi da harafi yadda yake a takardar rajista.

Saura abu ɗaya: bidiyo. Ta ce za a ɗauka a tafiya ɗaya ba yankewa, daga allon sunan titi, a shigo lungu, a nuna allon shago, Baba ya buɗe ƙofa da makullinsa, a nuna kayan aiki. Buɗe ƙofar shi ne shaidar cewa shagon nasa ne.

Baba ya sa rigarsa mai kyau. Anti ta ɗaga waya, suka taho tun daga titi, komai lafiya. Da suka iso ƙofa, Baba ya zira makulli a kwaɗo, ya sunkuya ya ɗauki wani dutse da ke gefen dakali, ya ƙwala wa kwaɗon sau biyu, ya buɗe.

Anti ta sauke wayar a hankali. "Malam, me ka yi yanzu?"

"Haka yake buɗewa. Shekara goma ke nan."

"Mutumin da zai kalli wannan bai san ka ba. Zai ga dattijo da rigar fita yana fasa shagon mutane da rana tsaka."

Inna ta riƙe ciki don dariya. "Mai gyaran ƙarfe, kwaɗonsa da dutse yake buɗewa. Na gaji da faɗa."

Kawu ya ce a yanke wurin dutsen kawai. Anti ta ce, "In aka yanke, za su tambayi abin da aka ɓoye." Ta shiga shagon, ta ɗauko 'yar butar man keke daga kan bencin Baba, ta miƙa masa. Ya ɗiga sau uku, ya murza, kwaɗon ya buɗe ba gardama. Baba ya tsaya yana kallonsa kamar an canza masa ɗa. Suka koma bakin titi suka sake farawa. A wannan karon har ya ɗaga kan wani keke ya juya shi gaban kyamara yadda yake yi wa kwastoma.

Kwana tara muka jira. Kullum Baba yakan bi ta teburinta wai gaisuwa ya zo yi, ita kuma ta ce, "Malam, ba a taɓa komai. Je ka goge benci." A rana ta goma ina shagon, wayarsa ta yi ƙara. Wata mata ce, muryarta har inda nake zaune: "Nan ne ake gyaran keke? Taswira ta ce na iso, amma katanga nake gani." Baba ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi. "Ki wuce katangar, 'yata, ki yi dama. Ga ni nan fitowa." Da yamma muka duba, yabon shekara shida yana nan, ko ɗaya bai ɓace ba. Maganar gadin sito ba ta sake tashi a gidanmu ba.

Anti, mai takalmin roba, mai gani kafin ta shaida. Ba a rubuta sunanki a jikin ko ɗaya daga shagunan da kika dawo da su ba, kuma masu bin taswira ba su san akwai ki ba. Mu mun sani. Na gode a madadin Baba, wanda kunya ba za ta bar shi ya faɗa da bakinsa ba, da Inna, da maƙwabtanmu uku, har da Kawu. Allah ya ba idanunki lafiya, ya sa ki huta.

Ga masu tasowa a wannan sana'a, kuma na san suna da yawa yanzu, masu kwamfutocin da suka fi tata kyau: ku tashi daga kujera. Ku je ku ga ƙofar, ku tambayi mutum nawa ke bayanta, kada ku yanke abin da bai yi muku daɗi ba, ku gyara shi.

Dutsen yana nan a shagon Baba, a kan kanta, kusa da butar mai. Duk wanda ya tambaya, Baba yakan ce, "Tsohon ma'aikacina ne. Anti Taswira ce ta yi masa ritaya."