Kajiji a Saman Ƙwarya

Ni 'yar bakin kogi ce, daga wani ƙauye a gangaren Toranke. Aure ne ya kai ni Balan, ƙasar tudu. Mutanen Balan suna da gero, suna da gyaɗa, suna kuma da baki. Tun ina amarya uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta laƙaba mini "'yar masu cin bado". Bado shi ne tsiron nan mai faffaɗan ganye da farin fure da ke kwance a kan ruwan tafki. Mu a gida muna cin saiwarsa don marmari, su kuwa a wurinsu abincin wanda rumbunsa ya ƙare ne, kuma abin kunya ne a gan shi a gidan manomi. Ba da mugunta take faɗa ba, amma a gaban baƙi take faɗa. Ni kuma ina da zuciya, sai in je in huce a kan turmi.

Shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira, damina ta yi mana rowa. Gero ya tsaya iya ƙugu ya bushe. Maigidana ya tsince zangarniyar da ta fi kyau, ya ɗaure dami guda na iri, ya rataye a ɗakin Inna. Ranar da zai tafi ci-rani Kano ya durƙusa a bakin ƙofarta ya ce, "Inna, komai za a ci a ci, ban da wannan." Duk mun san abin da yake nufi. In aka ci damin nan, ko ruwa ya sauka ba mu da abin shukawa.

Kafin bazara rumbu ya zama fayau. Mun ci dusa, mun ci busasshiyar tafasa, yaɗiyar da ke jikin shinge ma an tsige ta tas. Ɗana, wanda ban daɗe da yayewa ba, ya daina kuka da ƙarfi, sai dai ya yi ta kallon bakin mutum. Wannan ya fi kukan ɗaga mini hankali.

Wata safiya na shiga gaida Inna, na tarar ta sauke damin. Ta kwance igiyar, ga zangarniya ɗaya a hannunta, ga jikanta zaune kusa da ita. Na durƙusa na zuba wa damin ido. Ta daɗe tana jujjuya zangarniyar, sannan ta mayar da ita, ta ɗaure.

"Ke 'yar nan," ta ce, ba ta dube ni ba. "Abin nan naku na ruwa, har yanzu ana samu?"

"Ana samu, Inna, in an san wurin."

"To, gobe za ki raka ni tonon kajiji. Turarena ya ƙare."

Kajiji ciyawar fadama ce mai saiwa mai ƙanshi, da ita mata ke haɗa turaren wuta. Ba wanda zai zargi dattijuwa don ta je nemansa. Na gane, na ce to.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da goyo, ita da sanda. Ta hana mu bi ta ƙauyenmu, wai kada iyayena su wahalar da kansu da girki. Muka zaga ta bayan gonaki. Fadamar da na sani tun ina yarinya ta dare, ƙasa ta tsattsage, sai can ƙarƙashin itatuwan giyayya wani tafki ya rage, kainuwa ta rufe rabinsa, balbelu sun yi masa zobe. Na kwantar da yaron a inuwa, na ɗaure zane na shiga.

Inna ta tsaya a gaɓa tana ba ni umarni, ita da ba ta taɓa sa ƙafa a taɓo ba. Da ta ga aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ta jingine sanda ta shigo. Ta kama ganye ta fizga, ya tsinke a hannunta, ta kusa zama a ruwa. Na danne dariya da ƙyar.

"Ba a jan sa, Inna. Ki bi jijiyar da ƙafa har ƙasa. In kin ji abu kamar ƙwai a ƙarƙashin yatsa, ki murza, sai ki sunkuya ki ɗauko. Ƙananan kuma a mayar da su cikin laka, na baɗi ne."

"Mutane na mutuwa kina zancen baɗi?"

"Shi ma irinsa ke nan, Inna."

Daga nan duk ƙaramin da ta ciro sai ta tura shi da diddige ta mayar. Matsattsaku ya kama ta a ƙwauri, jini na zuba, ta ce in rabu da ita. Na tausaya mata ƙwarai, mace mai furfura, mai ji da kanta, cikin laka har ƙugu.

Rana ta ɗaga muka ji motsi a bayan ciyayi. Sai ga uwargidan mai unguwarmu, wadda Inna ta fi shakkar bakinta a duk Balan, jiƙe sharkaf, ƙwaryarta ba komai sai tsinkakken ganye. Suka tsaya suna kallon juna.

"Sannu da aiki," in ji matar. "Kajiji ake nema?"

"Kajiji," in ji Inna. "Ke ma?"

"Ni ma. Sai dai bana ya yi wuya."

Inna ta dubi ƙwaryar matar, ta dubi tamu da ta kusa cika. Sai ta juyo gare ni ta ce, "'Yar nan, je ki nuna wa babarki yadda ake tono."

Na nuna mata. Kafin mu tashi kowa ta tono kajiji na gaske a gefen tafkin ta baza a saman ƙwarya, muka shiga gari da la'asar ana yi mana sannu. A daren muka dafa bado. Yaron ya ci har ya yi barci da guntu a hannu, Inna kuwa ta ci nata tana fuskantar bango.

Mun yi ta komawa har ruwa ya sauka. Kullum sai mu tarar da sababbin fuskoki a tafkin, duk 'yan Balan, duk masu neman kajiji. Ban taɓa jin wadda ta kira abin da sunansa ba. Kajiji ya yi yawa a gari har ba mai karɓar kyautarsa, kowane gida sai turare ake yi. Baƙo zai rantse biki ake a unguwar. Har yau in na shiga ɗakin amarya na ji ƙanshinsa, yunwar shekarar nan nake fara tunawa.

Maigidana ya dawo da ruwan farko, ya rame, hannunsa ba wani abin kirki. Ko ruwa bai sha ba ya leƙa ɗakin Inna. Damin na nan a rataye. Ya fito ya durƙusa yana tambayar da me muka rayu.

"Allah ne ya rufa asiri," in ji Inna.

Ta sa ya sauke damin, amma da ya miƙa hannu zai ɗauka sai ta janye, ta turo damin gabana. Tabon matsattsaku na nan jere a ƙwaurinta.

"Ba ta ita ta sussuka," ta ce. "Nata ne."