Albasar da Ba Ta Son Hita

Sanyin farko da na yi a garin Landover na Amurka, ina amarya ne. Daga Kano aka kawo ni da akwati biyu, rabin ɗaya littattafan soyayya ne. A cikinsu na koyi yadda miji yake: mai zuba kalamai, mai shigowa da fure a ɓoye a bayansa. Nawa mijin direban tasi ne. Yana fita tun asuba, ya dawo bayan la'asar yatsunsa sun sandare, kuma kafin ya cire takalmi sai ya ƙara hita, na'urar ɗumama ɗaki. Kalmar so ban taɓa jin ta a bakinsa ba, har na fara tsoron ko a zuciyarsa ma babu ita.

Wata Lahadi a Disamba ya kai ni kasuwar masu zane da ake kafawa a tsakiyar Washington gab da Kirsimeti. Fararen rumfuna ne jere a bakin titi, ga ƙananan fitilu, ga ƙamshin gyaɗa mai sukari. Na tsaya a rumfar wata tsohuwar Baturiya da ke zana furanni a takarda mai kauri. Hannunta na rawa saboda tsufa, amma da ta ɗora buroshi sai rawar ta tsaya cak. Na daɗe ina kallonta. A gefen zanen akwai kwalabe cike da tsakuwa, kowace da albasa uku zaune a kai. Ta ce wannan albasar ba ta ci ba ce. In an zuba ruwa aka ajiye ta a ɗaki, za ta yi farin fure alhali duk itatuwan gari sun kaɗe.

"Amarya, albasa fa akwai ta a kicin," in ji maigidan. Amma ya saya, har da ƙaramin zane ɗaya, don in san abin da nake jira.

Ni da na tashi inda sanyi abin gudu ne, sai tausayin albasar ya kama ni. Na ɗora kwalbar dab da hita, in gari ya yi sanyi sosai har gyale nake yafa mata. Ta yi ta tsawo kamar ana jan ta, ganyen siriri, launinsa a koɗe. Wata safiya na tarar duk ta kwanta a kan tebur. Na zauna na yi kuka, kuma na san ba albasar kaɗai nake yi wa ba.

Da maigidan ya dawo, ya tsaya ya duba kwalbar. Ashe washegari ya ajiye motarsa ya taka har rumfar tsohuwar. Muna cin tuwo yake ba ni labari: ta ce zafi ne ya yi wa albasar yawa, kuma magani biyu ne. Ko a ɗiga mata giya kaɗan a ruwa don ta daina tsawo, ko a kai ta bakin taga a bar ɗakin da sanyi.

"Giya dai ba za ta shiga gidan nan ba, ko don fure," ya ce. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Da ya dawo aiki kashegari, hannunsa ya tafi wajen hita kamar kullum, sai na ga ya rage ta. Ya mai da kwalbar bakin taga, ya ɗauko tsinken tsire da zare, ya ɗaure kowane ganye a hankali da waɗannan yatsun da ba su gama warwarewa ba. Daga ranar, mutumin da ya wuni a titi cikin ƙanƙara da rigar sanyi yake cin abinci, da safa biyu yake sallah. Ni kuwa ina naɗe a bargo ina satar kallonsa.

Furen ya buɗe bayan sabuwar shekara, fari tas, ƙanana kamar taurari, ƙamshinsa ya cika falo. Maigidan ya ce shi ƙamshin ya yi masa ƙarfi, har atishawa yake sa shi. Na ce to ai an gama, ya ƙara hitarsa ya sha ɗumi. Ya sunkuya ya duba kwalbar, hula har kunne.

"A bar ta tukuna," ya ce. "Akwai ɗaya bai buɗe ba."