Mama Paulina da Allurar Tela

Shekara ashirin da shida ke nan, kullum kafin jirgin safe ya yi kuka a tashar Kafanchan, Mama Paulina ta share ɗakin shan magani, ta dafa allurai. A watan nan take ajiye aiki. Ba ta da yawan magana. Takan kara abin sauraro a ƙirjinka ta yi shiru, har ka fara tuna zunubanka.

'Yan layin kasuwa ba su manta da 1974 ba. A shekarar ne Eli tela ya ga hoto a mujalla, an soka wa wani allurai a ƙasar Sin don ciwon baya. Ya ce, "Ashe sana'ata ce ban sani ba." Wanda ya fara miƙa baya shi ne Gregory, mai jan waƙa a majami'a, siriri kamar sillen kara. Eli ya auna shi da tef ɗin awo, ya yi alama da alli, ya kafa allurar ɗinki huɗu tsakanin kafaɗunsa. Ta biyar ya tura ta sosai don kada ta faɗi.

Gregory ya dafe ƙirji, numfashi na neman gagararsa. Eli ya ce magani ne ke shiga. A baro aka kawo shi wurin Mama.

Ta saurari dama, ta saurari hagu, ta koma dama. Sannan ta juya ga Eli.

"Baban Edna, ka huda huhun nan. Iska na taruwa a ƙirji tana danne shi."

"Mama, a hoton fa mutumin dariya yake yi."

"Mai ƙiba ne?"

"Sosai."

"To dubi Gregory. Ina naman da zai tare allura?"

Ta hana a kwantar da shi, ta tare motar doya, ta riƙe shi a zaune har babban asibiti. Da likita ya fito da allurar zuƙe iskar, wadda ta ninka ta Eli, Gregory ya tattara sauran numfashinsa ya ce, "Shi ma tela ne?"

Ke ce, Mama, kika kama hannunsa kika ce, "Wannan ya san inda ake tsayawa." Bayan wata biyu ya koma jan waƙa.

Mai kunnen da ya fi bakunanmu aiki, mun gode. Ubangiji ya ba ki hutu mai daɗi. Ku masu gadon kujerarta, ku koyi sauraro kafin ku taɓa jikin mutum. Mu kuma, duk wanda ya nufo ƙirjinmu da allura, mu tambaye shi inda ya koya, tun muna da numfashin tambaya.