Ƙullin Kaba a Bakin Tabkinmu

Ni mutum ne mai shegen tambaya, har uwata takan ce da “don mi?” na faɗo duniya. Teburin ɗinkina yana kasuwar Filinge, amma ruwa na sauka nake rufe keken in koma ƙauyenmu na wajen Bonkuku in yi noma. A can ne maganar gauraka ta dame ni.

Bayan gari muna da tabki mai ciyawa a gefe, kuma kowace damina gauraki kan yi sheƙa a ciki. A da suna da yawa. Da na girma sun koma guda biyu tak, miji da mata, masu tukku kamar an dasa musu tsintsiya a ka. Abin da ya tsare su ba wani abu ba ne, ƙullin kaba ne. Kawuna, yayan uwata, shi ya gaji aikin: in ya ga sun fara jan ciyawa sai ya ƙulle ganyen kaba a kan sanda ya kafa a bakin ruwa. Daga ranar ba mai yanka ciyawa, ba mai shayar da dabba ta wannan gefen, sai ’ya’yan sun tashi ya tuge sandar.

Na sha tambayarsa, “Kawu, mi ad cikin ƙullin ga? Magani ne?”

“Kaba ce, sarkin tambaya,” in ji shi. “Kunyar idon mutane ka tsaron ta.”

To, kunya sai wanda ya san ka. Wata shekara baƙi suka zo da mota da raga, masu kama tsuntsaye su kai gidajen masu kuɗi a birni. Suka wuce ƙullin ko kallo bai ishe su ba. Allah ya sa makiyaya sun gan su aka kore su. Dattawa suka taru suka ce abin ya fi ƙarfin kaba, a kai wa gwamnati ta sa tabkin ƙarƙashin doka. Aka je buro, wato ofishin gandun daji, a Filinge, ma’aikacin ya karɓe su hannu biyu, ya ce zai tura maganar Yamai.

Damina ta zagayo, gauraki suka fara sheƙa, ban ga sanda ba. Na sami Kawu yana gyaran hauya.

“Kawu, ka mance da ƙulli ne?”

Ya dube ni kamar na zagi wani. “Wanda yak kai ƙara gun sarki ba ya komowa gida shi yanke hukunci da kainai. Mun ba su. In na ƙulla, na ce ba su iya ba ke nan.”

Wallahi na yi ta juya maganar nan a raina, ban sami inda zan kama shi ba. Ladabi ne irin namu. Amma mutanen gari su ma da nasu karatun: ba ƙulli, ba laifi. Mata suka shiga yankan ciyawa, shanu suka bi ta cikin sheƙar, kuma ba wanda ya yi da mugun nufi.

Da na koma Filinge na leƙa buron, don abin ya hana ni sakat. Ma’aikacin mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Ya ce maganarmu tana layi a Yamai, gabanta akwai ta wasu dazuzzuka da wasu dabbobi, masu dubawa kuma ba su da yawa. Na ce, “Ashe dabbobi ma layi suke bi kamar a likita? To wa ke shiga gaba, mai girman jiki ko mai tsananin ciwo?” Ya yi dariya, ya ce shi ma ya so ya sani. Na ce ko Kawu zai iya ci gaba da ƙullinsa kafin nan? Ya ce, “Don Allah ya ƙulla! Wa ya hana shi?”

Na kai wa Kawu wannan da gudu. Ya girgiza kai, ya ce kara ce kawai ma’aikacin ya yi mana, ba daga sama maganar ta fito ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza. Haka muka saki reshe muka kama ganye. Shekara ta gaba gauraka ɗaya ta zo, ta yi ’yan kwanaki tana zagaye ta tafi. Bayan ta ba mu sake ganin ko gashi ba, kuma abin ya ci mini rai ƙwarai.

Amsar Yamai ta iso daga baya, lokacin har Kawu ya fara dogara sanda. Ma’aikacin nan da kansa ya zo a kan babur, da allon ƙarfe na dokar tsare tabkin ɗaure a baya, fuskarsa fal murna. Muka raka shi bakin tabki. Ya sauke allon a hankali, ya rage murya, ya ce, “Baba, ta ina sheƙar take? Kada in kafa kusa in tada su.”

Kawu ya nuna masa bakin ruwan da sandarsa.

“Kafa shi inda kag ga dama, ɗana,” ya ce. “Ba ka tada kowa.”