Ranar da Muka Hana Baffa Buba Zagin Baba Modu

Har in ajiye aikin nan ba na jin zan manta da ranar da muka hana tsofaffi biyu zagin juna a situdiyonmu na unguwar Turaki a Jalingo, muka kusa kashe waƙa da hannunmu. Ku da kuka zo daga baya kuna jin ta a cikin keke kuna kaɗa kai, ba ku san wuyar da aka sha ba. To ku gyara zama, ku kuma kife wayoyin nan, don na san halinku.

Lokacin ni ne mai haɗa sauti, kamar yanzu, Oga Danladi kuma shi ne manaja. Ga wanda bai san tsarin ba, manaja shi ke karɓar aiki, ya tsara lokaci, ya ji da baƙi. Ni nawa zama ne gaban kwamfuta a bayan gilashi, in ɗauki murya da kiɗa, in tace, in haɗa. Duk abin da ya shiga kunnen jama'a ta hannuna ya bi, shi ya sa ba na son surutu a ɗakin ɗauka, kuma har gobe ba na so.

Mai waƙar ita ce Rifkatu, 'yar Yelwa, wadda ta taso cikin mawaƙan coci sannan ta koma kiɗan zamani irin na afrobit. Murya kam Allah ya ba ta, amma shekara da shekaru waƙoƙinta ba su wuce gidan biki da rediyon gari ba. Ta intanet ta haɗu da wata makaɗiya 'yar ƙasar Kolombiya mai suna Marisela, baƙar fata kamarmu, mai kaɗa akodiyon. Wani abu ne da ake rataya a ƙirji, ana ja ana matsewa kamar zugazugin maƙera. Wani shiri na haɗa mawaƙan ƙasashe ne ya kawo ta, za a fitar da kundi guda wanda kowace waƙa a ciki ta mutum biyu ce daga ƙasa biyu. Sharaɗin ɗaya ne: a gama ɗauka kafin baƙuwar ta bar Jalingo, in ba haka ba a ba wasu gurbin. Rifkatu ta san irin wannan ƙofa ba kullum take buɗewa ba.

Ita ta dage sai an sa sarewa da ganga a kan kiɗan kwamfuta. Ta aika garin Lau aka zo da Baffa Buba, Bafulatani mai busa sarewa, siriri kamar sandarsa. Mai ganga kuma Baba Modu ne, Babarbare, nan bayanmu yake zaune, mutum mai ƙaton ciki da ƙatuwar dariya. Tun suna samari suke haɗuwa a gidajen biki.

Ranar farko, Baffa Buba bai gama cire takalmi ba ya hango Baba Modu.

"A'a! Wa ya bar bawana ya hau kujera?"

"Ji ɗan Fulani," in ji Baba Modu. "An fito daga daji an ga fanka. Bawa, zo ka ɗaukar mini gangata."

Duk muka kwashe da dariya. Kun san Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. Muka yi gwaji, kai jama'a! Sarewa ta yi tsokana, ganga ta rama, akodiyon ya kutsa tsakaninsu da wani kiɗan ƙasarsu da suke kira kumbiya, Rifkatu ta hau kai da Hausa. Ni da ba na rawa sai da na ga ƙafata na motsi ƙarƙashin tebur.

Da aka tsaya shan ruwa, Marisela ta tambayi Rifkatu da Turanci me tsofaffin ke faɗa da ake ta dariya haka. Rifkatu tana dariya ta fassara mata tsaf, kalma da kalma. Nan take fuskar baƙuwar ta canja. Ta sauke akodiyon, ta fita waje. Oga Danladi ya bi ta yana cewa ai wasa ne kawai, ta ce ta ji, amma ita ba za ta iya kiɗa a ɗakin da mutum ke kiran mutum bawa ba.

Oga mutumin kirki ne, sai dai ba abin da yake tsoro kamar jin kunya gaban baƙo. Ya ja Baffa Buba gefe ya ce, "Baffa, a bar wasan nan, an ji haushi." Ya ja Baba Modu wani gefen ya faɗa masa haka nan. Bai ce wa kowa wanda ya ji haushin ba. Ni kuma ya ce mini, "Sa'idu, gobe ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya." Ban yi musu ba, don a ƙa'idar aiki haka ma ake yi. Kowa ya shiga shi kaɗai, ya sa abin ji a kunne, ya bi kiɗan da aka riga aka ɗauka, daga baya in jera su. Sauti ya fi fita tas.

Washegari da safe na ga abin da ban taɓa gani ba. Baffa Buba ya shigo, ya ɗan rusuna, ya ce, "Malam Modu, an tashi lafiya? Ya iyali?" Baba Modu ya gyara hula ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ya gajiyar hanya?" Suka yi musabaha, kowa ya koma kusurwarsa ya zauna. Oga ya dube ni yana murmushi, wai an samu zaman lafiya.

Muka ɗauka. Baba Modu bai kuskure ko sau ɗaya ba, Baffa Buba ma haka. Na jera komai a kwamfuta, na kunna musu. Komai daidai, amma wallahi kamar tuwon da aka manta gishiri a miyarsa. Muka sake, muka kuma sakewa. Marisela ta ce jiya akwai wani abu da yau babu, ta rasa mene ne. Rifkatu ta shiga ta rera baitin farko, muryarta ta karye, ta fito ta zauna kan lasifika ta rufe fuska. Gobe da safe baƙuwar za ta kama hanyar Abuja.

Bayan azahar Baffa Buba ya leƙo wurina, ya tura ƙofa a hankali.

"Sa'idu, tsakaninka da Allah, me na yi wa Modu?"

"Me ka gani, Baffa?"

"Mutumin nan yau ranka ya daɗe ya ce mini. Ni! Ko ranar da uwar 'ya'yana ta rasu, da ya zo gaisuwa sai da ya ce Fulani ba su iya dama kunun zaman makoki ba. Shi ya fara sa ni dariya a wancan satin. In na ɓata masa ne a gaya mini, in ba shi haƙuri kafin in koma Lau."

Idonsa ya yi ja. Na leƙa taga, sai ga Baba Modu a bakin titi da ganga a kafaɗa yana tsayar da keke. Sai a lokacin na gane abin da ya faru: kowannensu ya ɗauka ɗan'uwansa ne ya kai ƙararsa wurin manaja. Ga abokan wasa kuwa, ranar da aka koma gaisuwar ladabi ranar zumunci ya mutu.

Na fita da gudu ba takalmi, na riƙe gangar. Sannan na sami Oga na ce, "Oga, ka yi haƙuri, amma yau sai an zauna. Mun ɓoye wa tsofaffi dalili, mun ɓoye wa baƙuwa al'ada. Ka ba ni izini in tara su." Ya share gumi, ya ce, "Tara su."

Muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, Rifkatu na tafinta. Na fara da yi wa Marisela bayanin wasan, ba a gurguje ba wannan karon. Na ce mutumin da ke zaginka haka a kasuwa shi ne wanda ba zai taɓa kai ka ƙara ba, kuma in faɗa ya tashi tsakanin danginku shi ke shiga tsakani. Na gaya mata abin da Baffa ya faɗa mini a ɗaki. Sannan na roƙe ta ta faɗa wa tsofaffin nata dalilin da bakinta.

Ta ce kakannin kakanninta daga wannan nahiya aka kwashe su a ɗaure, aka tsallaka teku da su. Ba ta san garinsu ba, ba ta san yarensu ba, ba ta san ko wace ƙabila ce ita ba. Abin da aka bar musu kawai wannan kalma ce, kuma a gidansu ba a wasa da ita.

Baba Modu ya ajiye gangarsa, ya ce, "Innalillahi. Ashe 'yar gida ce ta dawo muka tare ta da wannan." Ya juya ya dubi Baffa. "To ashe ba kai ka kai ƙarata ba?"

"Ni? In kai ƙararka wurin wa? Wa zai ɓata lokacinsa a kanka?"

"Alhamdulillahi," in ji Baba Modu, "ɗan daji ya warke."

Baffa Buba ya ce wa Rifkatu, "Gaya wa 'yata, kalmar nan mun ajiye ta saboda ita. Kalma ɗaya ce ai. Ina da wasu buhu guda a kan tsohon nan, ban ma kwance bakin buhun ba."

Da aka fassara mata, Marisela ta yi dariya har da hawaye. Ta ce yanzu ta gane, don su ma a ƙauyensu mawaƙa biyu kan tsaya gaban jama'a suna jifan juna da baiti, akodiyon na zuga su, in an gama su tafi cin abinci tare. Kakanta gwani ne a wannan. Rifkatu ta miƙe tsaye ta tafa hannu ta ce, "To ai waƙar ke nan! Me muke jira?"

Na karya ƙa'idata da kaina. Na shigar da su duka ɗaki ɗaya, na kafa makirfo a tsakiya, na ce kowa ya ajiye abin kunne ya dubi ɗan'uwansa. Na saki kiɗan kwamfuta ƙasa-ƙasa. Baba Modu ya buɗe da cewa Bafulatani ya ga firji ya yi masa sallama. Baffa ya rama da sarewa, sannan ya ce Babarbare ya shiga gidan biki tukunya ta fara salati. Marisela ta ja akodiyon ta kwaikwayi busar Baffa da gangan, ta karkace ta, ta jefa masa nata baitin da yarensu. Baffa ya yi ihu, "Modu ya yi hayar sojan waje!" Rifkatu ta ɗora amshi a kai, Hausa na shiga, yaren Marisela na fita. Wannan dariyar da kuke ji a tsakiyar waƙar ta Oga Danladi ce. Ya roƙe ni in goge, na ƙi. Kafin la'asar ta yi sanyi mun gama, kuma waƙar ta shiga kundin. Yanzu Rifkatu har daga ƙasashen da ba ta iya faɗin sunansu ba ake kiranta.

Amma abin da ya tsaya mini a rai washegari da safe ya faru, a tasha. Muna jiran mota ta cika, sai gardama ta kaure tsakanin tsofaffin. Baffa ya rantse Marisela Babarbariya ce, wai a dubi yadda ta share kwanon tuwo jiya. Baba Modu ya ce ƙarya ne, Bafulatana ce, a dubi taurin kai. Marisela ta tambayi Rifkatu, murya a sanyaye, me ya sa kowa ke tura ta wa ɗayan, ba mai so ta zama tasa ne?

Rifkatu ta ce, "A'a, 'yar'uwa. In ke ƙabilarsa ce, 'yarsa kika zama, sai kunya da gaisuwa daga nesa. In ke ta ɗayan ce, ya samu abokiyar wasa har mutuwa. Rigima suke a kan wa zai samu ya riƙa tsokanar ki."

Ta tsaya tana kallonsu. Sannan ta rungume Rifkatu ta yi kuka sosai, mu ma dai kowa ya sami abin kallo a wani gefen. Da ta shiga mota ta leƙo ta taga, ta nuna Baffa, ta nuna Baba Modu, ta ce da Hausar da aka koya mata a daren jiya, "Ku duka ba ku iya kiɗa ba!" Tsofaffin nan suka yi ta tsalle a tasha kamar an ba su kujerar Makka.

To abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. Aikinmu tace sauti ne, amma kafin ka goge wani abu ka tambayi masu shi mene ne, kuma in baƙo ya ɓata rai ka zaunar da shi da 'yan gida su ji daga bakin juna. Har yau in Marisela ta kira ta bidiyo, kafin ta gaishe ni sai ta ce a ba ta tsofaffin nan biyu da ba su iya kiɗa ba.