Mai Kiran Bahon Inna Saude

An binne Dalhatu direba ranar Talata, amma ruwan wankan uwarsa bai daina ɗaukar zafi ba. Daga nan Malam Uzairu ya shiga uku.

Uzairu mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Kibiya. Kullum da hantsi zai shimfiɗa buhu, ya zube tarkacensa, ya duƙa. Shekarar da sabis ɗin waya ya iso ƙauyenmu Fassi, Dalhatu ya kawo masa kuka: sanyin ƙashi ya naɗe tsohuwarsa, Inna Saude, ko wuta ba ta iya hurawa, shi kuma kullum yana hanyar Legas. Uzairu ya haɗa hita da batirin mota da faifan sola, ya kulle wata tsohuwar waya a akwatin katako. Ka kira lambar, wayar ta yi rawa, ruwan baho ya yi zafi. Duk la'asar Dalhatu zai kira. Tsohuwa ta tsoma hannu ta ce, "Yaron nan lafiya yake."

Da mota ta kashe shi, an gaya mata. Ruwan ya kwana biyu da sanyi, ta ƙi ci ta ƙi sha. Ranar sadakar uku, liman na sallame la'asar, sai aka ji akwatin yana gurnani a makewayi. Ba kowa a ciki. Can sai tururi ya fara tasowa ta saman zana.

Mata suka watse, wasu ba takalmi. Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya. "Maƙaryata! Ku taɓa ku ji. A zubo min tuwo."

Washegari haka, jibi ma haka. Ba wanda ya yarda ya kusanci akwatin. Aka ce Uzairu ya ɗaure kurwar mamaci a ciki. Isiyaku mai shayi ya tare shi.

"Malam, tsakaninka da Allah, wa ke kiran nan?"

"Waya dai sai an kira take ƙara."

"To, wa?"

"Miƙo min shayina."

'Yan Hisba ma da suka tuhume shi, bai wuce "sai an kira take ƙara" ba.

Shekara uku ana haka. Da tsohuwa ta rasu, ni na fasa akwatin da guduma. Lamba ɗaya ce jere a wayar. Ta Uzairu.

Kai ne, Malam. Ka san in ka faɗa wa mutum ɗaya, kafin magariba ta isa kunnenta, ta sake ture akushi. Sai ka ja bakinka, ka bar mu muna zaginka. Mun gode, kuma mun ji kunya. Masu sana'a, ku dubi mutumin nan ku koya.

Amma kada a ce bai ji a jikinsa ba. Shekarun nan uku ko batir ba a kawo masa ba. A masallaci gurbin mutum guda ake bari dama da hagunsa. Ya tattara ya koma Dawaki yana noma. Har yau in ya shigo cin kasuwa, akwai matan da ke janye 'ya'yansu daga hanya.