Ranar da Malam Datti Ya Shiga Coci

Shekara talatin da biyu Malam Datti ya yi yana tuƙa motar gwamnati, kuma in kana son ka ji bakinsa, ce masa akwai lungun da bai sani ba a Kaduna. Yana saurayi ya zo daga Kano, ya sauka a Unguwar Kanawa, nan ya yi aure, nan ya yi furfura. Amma duk cika bakin nan nasa, akwai ginin da bai taɓa shiga ba: tsohon babban cocin da yake wucewa kullum a hanyar ofis.

Neman Ayuba kafinta ne ya kai shi. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, katanga ɗaya ta raba su. Zamanin daɗi ke nan, shinkafar Kirsimeti ta shigo gidan Datti, naman layya ya shiga gidan Ayuba, ba mai ɗaga ido. Da rikicin shekarar 2000 ya ɓarke, Ayuba ya kwashi iyalinsa ya haye kogin Kaduna zuwa ɓangaren Kiristoci. Ranar da ake loda kaya, Datti na ɗaki yana jin komai, amma tsoron idon mutane ya hana shi fitowa ko sallama su yi. Abin nan ya ci gaba da cin sa a rai. Da tsufa ya kama shi, ya ce ba zai shiga kabari da haƙƙin maƙwabci ba, sai ya nemi gafara.

Bai san inda Ayuba ya koma ba, ya dai san cocinsu. Wata Talata da hantsi ya je, yana isa bakin ƙofa ya tuɓe takalmi.

Dattijon da ke kula da wurin, Baba Yohanna, ya yi dariya. "Malam, mayar da takalminka, mu nan da shi muke shiga."

"A'a," in ji Datti, "ɗakin ibada ne." Ya riƙe abinsa a hannu.

Baba Yohanna mutum ne mai son labari. Ya zaga da shi, ya nuna masa tsohuwar ƙararrawa da hotunan mutanen da, ya ba shi labarin yadda iyayensu suka ɗauko yashin ginin a ka. Datti, gwanin sanin gari, ya zama ɗan kallo. Can dai ya daure ya tambayi Ayuba kafinta.

"Ayya, Ayuba ya rasu, shekara uku ke nan."

Datti ya zauna a benci mafi kusa. "To wa zai yafe mini?" ya faɗa a hankali.

"Wannan bencin da kake kai ma aikinsa ne," in ji Baba Yohanna. "Har ya tsufa yana hayo kogi yana yi mana. Kowanne sai ya sa hannu a ƙarƙashi."

Suka kifa bencin. Da baƙin fenti an rubuta: Ayuba na Datti, 2014.

"Mun sha tambayarsa wane ne Datti, sai ya ce ɗan'uwansa ne a Unguwar Kanawa. Ko ka san shi?"

Datti ya buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa.